Zaɓen Ƙwan Fitilar LED a Gidajen Batsari da Safana

A ƙananan hukumomin Batsari da Safana, waɗanda ke yammacin Jihar Katsina a gefen dajin Rugu, hasken dare ba daga hanya guda yake zuwa ba, domin layin KEDCO, kamfanin da ke rarraba lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, bai kai kowane ƙauye ba, kuma inda ya kai ma ba kullum ake samun wutar ba. Shi ya sa magidanci a Ruma ko Wagini ko Runka yakan haɗa hanya biyu ko uku: ƙaramin farantin sola da batir, fitilar caji, tocila, sai janareta ga mai hali. Shi ma janaretan ya yi nauyi tun lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka a 2021 saboda matsalar 'yan bindiga, kafin cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ninka farashinsa. A irin wannan yanayi, ƙwan fitilar da aka ɗaura a ɗaki shi ke yanke hukuncin ko batir zai kai asuba ko zai mutu tun yara ba su gama bitar karatu ba.

Tsohon ƙwan fitila, wanda ake dangantawa da Thomas Edison tun 1879, yana ba da haske ne ta hanyar zafafa wani siririn zaren ƙarfe har ya yi jajir, abin da ke sa kimanin kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci ta tafi a zafi. LED kuwa ba ta da zaren da ake ƙonawa. Ƙwaya ce 'yar mitsitsiya da aka ƙera da haɗaɗɗun sinadarai masu barin lantarki ya bi ta gefe guda kawai, kuma yayin da yake ratsawa sai ƙarfinsa ya fito a matsayin haske kai tsaye. Nick Holonyak ya samar da mai jan haske a Amurka a 1962, amma an daɗe ba a iya haskaka ɗaki da ita ba, har sai da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, masana daga Japan, suka samar da mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 2014. Farin hasken da ake gani a yau shuɗi ne a asali, wanda aka rufe da wani sinadari mai ruwan ɗorawa da ake kira fosfo, sai haɗuwar launukan biyu ta bayyana wa ido a matsayin fari.

Babban kuskuren da ake yi a kasuwa shi ne auna haske da wat. Wat ma'aunin wutar da ƙwai ke ci ne, yayin da ma'aunin hasken da yake bayarwa shi ne lumen, wanda ake rubutawa da haruffan lm a jikin kwali. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kimanin lumen 800. Ƙwan nan mai lanƙwasasshen bututu da aka fi sani da mai tattalin wuta yana ba da hakan da wat 13 zuwa 15. LED mai kyau kuwa wat 8 zuwa 10 ya ishe ta. Daga nan ake samun hanya mai sauƙi ta gane gaskiyar kwali: a raba adadin lumen da adadin wat, idan amsar ta faɗa tsakanin 80 da 120 to abin da aka rubuta ya yi daidai da hankali, idan kuwa babu lumen gaba ɗaya, sai wani ƙaton adadin wat da aka buga da jan rubutu, ya kamata mai saye ya yi shakka, domin wanda ya ƙera ƙwan ya ɓoye abu guda da ake sayen ƙwai dominsa.

Amfanin wannan lissafi ya fi fitowa fili a gidan da ke amfani da batir. Batir mai bolt 12 da aka rubuta 100Ah a jikinsa yana ɗauke da kimanin wat 1,200 na aikin awa guda, amma irin mai ruwa da darma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa idan ana so ya yi ƙarko, saboda haka abin da ake da shi a zahiri kusan 600 ne. Tsohon ƙwai guda ɗaya mai wat 60 zai cinye wannan cikin awa 10, alhali kuwa ƙwayayen LED biyar masu wat 9, ɗaya a zaure, ɗaya a tsakar gida, uku a ɗakuna, za su yi awa 13 suna ci a tare. Ga mai mita a cikin garin Batsari ko Safana kuma, ƙwai mai wat 60 da ake kunnawa awa 5 a kullum yana cin yunit 9 a wata, takwaransa na LED bai kai yunit ɗaya da rabi ba.

Wajibi ne kuma a san irin wutar da ƙwan yake sha. Wutar layi da ta janareta a Najeriya bolt 230 ce mai kai-komo, wadda ake yi wa alamar AC, ta batir kuwa miƙaƙƙiya ce, DC, kuma yawanci bolt 12. Ƙwan DC da aka ɗaura a wutar layi nan take zai ƙone, na AC kuma ba zai kama a batir ba sai ta hanyar inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta layi, wadda ita ma tana cin nata kason ko da ba a kunna komai ba. Gidan da haske da cajin waya kawai yake buƙata ya fi dacewa da ƙwan DC da aka haɗa kai tsaye. Wanda ke kan layi kuwa ya nemi ƙwan da aka rubuta masa faffadan zango, misali bolt 85 zuwa 265, domin shi ne ke riƙe haskensa a daren da wuta ta zo ba ƙarfi. A duba gindinsa ma, ko mai fil biyu ne, B22, ko mai murɗawa, E27, don kada a je gida a tarar bai shiga mazauninsa ba.

Abin da aka fi yin sakaci da shi, kuma ya fi komai shafar wannan yanki, shi ne zafi. Kwalaye na alƙawarin awa 15,000 zuwa 25,000, inda tsohon ƙwai ke yin kusan 1,000, amma ana yin wannan awon ne a ɗakin gwaji mai matsakaicin sanyi, ba a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu ba, lokacin da zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa. Idan aka buɗe farar hular ƙwan da ya mutu, za a ga faifan alminiyam zagayayye da ƙananan ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa a jere, sau da yawa ɗaya daga cikinsu da baƙin ɗigo a tsakiya. Tun da a sarƙe aka haɗa su, mutuwar wannan ɗaya ce ta kashe sauran. A ƙarƙashin faifan kuma akwai ɗan allon da ke daidaita wuta, mai ɗauke da wani ɗan gwangwani da ake kira kafasita, wanda ruwan cikinsa ke bushewa da zafi, har masu ilimin lantarki ke ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanansa. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwai mai ɗan nauyi a gindi, alamar akwai ƙarfen da ke kwashe zafi, ya fi wanda ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma ya sa bai dace a manna shi da kwano ko a kulle shi cikin gilashin da iska ba ta shiga ba. Abin takaici ne iyalin da ke fama da kuɗin hatsi su sayi ƙwai sau huɗu a shekara saboda araha, wadda dama Hausawa sun ce ba ta ado.

Launin haske ana auna shi da kelbin, harafin K a kwali: 2,700 zuwa 3,000 haske ne mai ɗan ja-ja irin na fitilar ƙwai, wanda ya dace da ɗakin kwana, 6,500 kuwa fari ne fat mai shuɗi-shuɗi, wanda tela da mai shago suka fi so. A damina ƙwari sun fi taruwa a kan farin, don haka mai ja-ja ya fi kyau a tsakar gida inda ake cin tuwon dare.

Dangane da lafiya, LED ba ta da zaiba, sinadarin nan mai guba da ke cikin ƙwai mai bututu, wanda ƙasashen da ke cikin Yarjejeniyar Minamata kan zaiba suka amince a 2022 cewa za a daina ƙera irinsa na gida daga ƙarshen 2025. Idan ƙwai mai bututu ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe ƙofa da taga, a tattara gilashin da kwali ba da hannu ba. Haka kuma LED ba ta da hayaƙin aci-balbal da fitilar kananzir, wanda ke cutar da ido da ƙirji, balle haɗarin gobara a ɗakin da aka rufa da ciyawa ko aka tara kara. Hukumar SON ce ke da alhakin tabbatar da ingancin kayan lantarkin da ake shigowa da su, amma kafin sa-idonta ya isa kasuwannin ƙauye, abin da mai saye ke iya yi shi ne ya sa a gwada masa ƙwan a gabansa, ya nemi mai shago ya rubuta ranar sayen a gindinsa, su kuma yi magana a kan musanya idan ya mutu cikin 'yan watanni.