Tsadar Kayan Gyara: Masu Tsofaffin Motoci a Maiduguri Sun Koma Canza Bushin a Gida

Duk motar da ta daɗe tana bin titunan Maiduguri, ko kuma hanyoyin da suka tashi daga birnin zuwa Damaturu, Dikwa, Bama da Damboa, akan wayi gari ta soma ƙara daga ƙarƙashi da zarar ta faɗa rami. Galibi musabbabin wannan ƙara wata 'yar roba ce da kanikawa ke kira bushin. A da, mai mota kan miƙa wa bakanike makulli ya tafi harkarsa. Amma a halin da ake ciki na matsin tattalin arziki, wasu masu tsofaffin motoci sun gwammace su sayo robar su ɗaura da kansu a ƙofar gida.

Tushen lamarin yana komawa ga darajar Naira. Kafin gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, ma'aikacin gwamnati kan iya samun rancen sayen sabuwar Peugeot 504 daga kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975. A lokacin Naira ɗaya tana kafaɗa da kafaɗa da Dala ɗaya. Zuwa 1994 farashin hukuma ya kai Naira 22, sabuwar mota ta gagari mai matsakaicin albashi, kasuwa kuma ta koma hannun motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake kira 'yan Kwatano. Daga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu. Sai kuma 2023, shekarar da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, aka kuma sakar wa Naira mara a watan Yuni. Dalar da hukuma ke sayarwa kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 a Fabrairun 2024. Da yake akasarin kayan gyara daga waje ake shigo da su, sannan su biyo ta kasuwannin Ladipo a Legas, Nnewi a jihar Anambra da Ƙofar Ruwa a Kano, mai saye a Maiduguri yana biyan tsadar Dala haɗe da kuɗin dakon tafiya mai nisa.

Shi bushin roba ce mai kauri da ake cusawa a mahaɗar ƙarafan ƙafar mota da gangar jikinta. Aikinta shi ne shanye girgiza, da hana ƙarfe gugar ƙarfe, da riƙe taya a daidai kusurwar da aka tsara mata. Abokan gabarta kuwa zafi ne, da yashi, da baƙin mai, da lodin da ya wuce ƙima, kuma babu wanda Maiduguri ta rasa a cikinsu. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, wanda ke busar da roba har ta tsattsage; ƙurar hunturu kuma ta shiga tsagun ta riƙa cin ta. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau a ranar 10 ga Satumban 2024, shekara 30 bayan irinta ta 1994, ta ƙara dagula al'amarin, domin motoci da dama sun kwana cikin ruwa da laka a unguwanni irin su Gwange, abin da ke jawo tsatsa ta kama notuna da bututun ƙarfen da ke tsakiyar robar.

Alamomin lalacewa a bayyane suke: ƙara a kan gargada, sitiyari ya riƙa yawo, mota ta ja gefe guda idan an taka birki, sannan taya ta cinye ta ɓangare ɗaya. A nan ne lissafin yake. Kuɗin bushin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na taya, musamman tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya bi sahu a 2008. Direban da ya jinkirta canza roba don ya tsimi kuɗi, ƙarshenta sai ya sayi taya biyu kafin lokacinsu, ya kuma ƙona mai fiye da ƙima. Ga direban haya mai ɗauko kifi ko wake ko fasinja, wannan asara kan ƙare ne a kan kuɗin mota, daga nan ta shiga farashin kaya a kasuwa.

Sai dai masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wajibi ne a ajiye motar a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, ba kan rairayi ba inda jak ke nutsewa, a tokare tayoyin da ke ƙasa, a kuma ɗora motar kan ƙafafun ƙarfe na tallafi. Shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko wadda aka jingina kan bulo, ganganci ne da rai. Bayan an kwance ƙarfen, ana matse tsohuwar robar ta fita da dogon noti mai zare da guntun bututu, a shigar da sabuwa ta wannan hanya. Ƙona tsohuwar da wuta, kamar yadda wasu ke yi, yana fitar da hayaƙi mai cutarwa, kuma yana iya raunana ƙarfen. Ruwan sabulu ake shafa wa sabuwar roba domin ta shiga, ba giris ko baƙin mai ba, saboda suna cin roba. Ana canzawa dama da hagu tare. Ba a kuma ɗaure notunan ɗaurin ƙarshe sai an sauke motar ta tsaya da nauyinta kan tayoyinta. In ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, ta yage cikin ɗan lokaci. Daga ƙarshe dole a je a yi alaimen.

Akwai inda ya kamata mai gida ya tsaya. Duk aikin da ya buƙaci kwance sifirin mai naɗi na bakanike ne, domin idan ya kuɓuce yana iya hallaka mutum. Haka nan notin da tsatsa ta cinye, da motocin da ake sayar da bushin nasu haɗe da ƙarfen gaba ɗaya.

Wata matsalar ita ce ingancin kaya. A kasuwa akwai na asali, da na Beljiyam da aka ciro daga wata motar, da jabu, da kuma wanda ake yankowa daga tsohuwar tayar babbar mota. Na Beljiyam ya riga ya ci rabin rayuwarsa. Na taya kuwa ya fi araha, amma taurinsa ba lallai ya dace da wanda aka ƙera motar da shi ba, sai ya mayar da bugun kan sauran sassa. Araha dai ba ta ado. Hana shigowar jabun kaya alhaki ne na Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON, yayin da duba lafiyar mota ke hannun jami'an VIO da na Hukumar Kiyaye Haɗura ta FRSC, wadda aka kafa a 1988.

Ga kanikawa, wannan sauyi na nufin raguwar ƙananan ayyukan da ake ciyar da yaran gareji da su, ko da yake gyaran da ya ɓaci a gida hannunsu yake komawa, sau da yawa da tsada fiye da ta farko. Ga hukumomi kuwa, tun da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai kai a yi zancen sabuwar mota ba, tsofaffin motoci za su ci gaba da ɗaukar jama'a da kayansu. Don haka gyaran tituna, da tsaftace kasuwar kayan gyara, da shirya gajerun kwasa-kwasai ga direbobi a makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, su ne za su rage asarar dukiya da ta rayuka a kan hanyoyin jihar Borno.