Dokar Toshe Hanyar Agadez: Wa Ta Hana, Wa Ta Cuta?

A watan Mayun 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 don hana safarar baƙin haure, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tara mai nauyi ga duk wanda aka kama yana jigilarsu. An fara aiki da ita gadan-gadan a 2016, bayan taron da shugabannin Turai da na Afirka suka yi a Malta a Nuwamban 2015, inda Tarayyar Turai ta ware kuɗi don rage kwararar mutane zuwa Bahar Rum. Shekaru takwas da dokar ta yi sun isa a auna ta, kuma abin da suka nuna shi ne toshe hanya ba ya kashe dalilin tafiya. Tsada da haɗari kawai yake ƙara mata, talaka kuma ya biya.

Kafin dokar, a bainar jama'a ake wannan sana'a a Agadez. Duk ranar Litinin ayarin motoci kan tashi zuwa Dirku da rakiyar sojoji, daga can a nufi Libiya. Direba na ci, dillali na ci, haka mai gidan saukar baƙi, da mai sayar da jarkar ruwa da rawani, da makanike, da matar da ke dafa abinci a tasha. Da doka ta sauka sai aka kama direbobi, aka ƙwace motocinsu, gidaje da yawa suka wayi gari babu mai ciyar da su. An yi alkawarin ba wa waɗanda suka ajiye sana'ar jari daga kuɗin Turai, amma kaɗan ne suka samu daga cikin dubban da suka nema.

Matafiyan kuwa ba su daina tafiya ba. Direban da ke tsoron kamu sai ya kauce wa hanyar da aka sani da rijiyoyinta, ya kutsa cikin hamadar Tenere da dare, ya ƙara kuɗin mota saboda kasadar da ya ɗauka. In mota ta lalace babu mai wucewa ya kawo ɗauki, in kuma ya hango 'yan sintiri yana iya sauke mutane ya tsere. A tsakiyar 2017 mutum 44, yawancinsu 'yan Ghana da Najeriya, har da jarirai, suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadez da Dirku. Kowane ɗayansu akwai iyalin da suka sayar da gona ko dabba, ko suka ci bashi, suna jiran aike.

Masu kare dokar za su ce ai tun kafin ta ana mutuwa a hamada, kuma sun yi gaskiya: a Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92, akasarinsu mata da yara, kusa da iyakar Aljeriya. Za su kuma tuna mana cinikin bayi da aka bankaɗo a Libiya a 2017. Wannan hujja ce ta a hukunta mai sayar da ɗan Adam da mai tsare shi don neman kuɗin fansa. Sai dai wajen aiwatarwa an yi wa direba da azzalumi kuɗin goro, alhali yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga junansu ba biza har kwana 90. An riƙa kama mai mota a cikin Nijar, tun bai kai iyaka ba. Kuma da yawa daga fasinjojin ba Turai suka nufa ba, 'yan ci-rani ne masu zuwa aikin gini ko lambu a Libiya da Aljeriya su dawo gida.

A Nuwamban 2023 gwamnatin Janar Abdurahman Tiani ta soke dokar, ayari ya dawo fili. Wannan bai kawo ƙarshen wahala ba, domin Aljeriya ta ci gaba da zubar da mutane a bakin iyaka, su tako kimanin kilomita 15 a ƙafa zuwa Assamaka. Muddin ƙasashen da ke buƙatar ma'aikata ba su buɗe halastacciyar hanyar zuwa aiki ba, kuma gwamnatocinmu ba su samar wa matasa abin yi a gida ba, kowace sabuwar doka a kan iyalan talakawa za ta ƙare.