Labarin Lu'ulu'un Da Ake Kira Matafiyi

A cikin ƙarni na 16 aka ciro wani lu'ulu'u daga tekun Panama, irin wanda ake samu cikin ɓawon wata halittar ruwa. Siffarsa kamar ɗigon hawaye, nauyinsa kimanin giram 10, watau miskali biyu da 'yan kai. Aka kai shi ga Sarki Filibus na Biyu na ƙasar Sifen, aka yi masa laƙabi da La Peregrina, ma'anarsa matafiyi. Sunan kuwa ya bi shi.

Ya shekara fiye da 200 a taskar sarakunan Sifen, matansu na ado da shi. A 1813, da yaƙi ya kori Yusufu Bonapat daga sarautar ƙasar, sai ya fice da shi. Daga baya ya faɗa hannun ɗan ɗan'uwansa, wanda ya zama Napoliyon na Uku, shi kuma ya sayar wa gidan Abakon, manyan sarakan Birtaniya.

A 1969 aka yi gwanjonsa a birnin New York. Richard Burton ya saya a kan dala 37,000, ya ba matarsa Elizabeth Taylor, shahararriyar 'yar wasan sinima. Wata rana ya ɓace mata a masaukinta a Las Vegas. Ta yi ta lalube cikin darduma hankali tashe, ashe ɗan kwikwiyonta ne ke wasa da shi a baka. Ta karɓe, ko ƙwarzane babu. Bayan haka maƙeran kamfanin Cartier suka ɗaura shi a sarƙar wuya mai jan yaƙutu.

Ta rasu a watan Maris na 2011. A watan Disamba na shekarar, dillalan Christie's suka yi gwanjon kayan adonta, sarƙar ta tashi a kan dala miliyan 11.8. Mai sayen ya sakaya sunansa.

To, a nan akwai abin lura ga fatake. Lu'ulu'un bai ƙaru da nauyin ƙwayar gero ba, amma kuɗin ya ninka fiye da sau 300 cikin shekara 42. Ban da adon da aka ƙara masa, abin da masu tayi suka biya shi ne sunayen waɗanda suka riƙe shi, musamman sunan wannan mace. Ga masu tunani kuma akwai wani abin lura: sarki ya riƙe, attajiri ya riƙe, 'yar wasa ta riƙe, kowa yana cewa nasa ne, duk sun wuce sun bar shi.