Gidan Renon Da Ke Ciyar Da Kansa: Darasi Daga Nairobi

Kowace safiya a unguwar Kibera ta birnin Nairobi, ƙasar Kenya, uwaye kan yi sammako zuwa kasuwa, ko aikatau, ko wankau a gidajen masu hali. Tambayar da ke damunsu ita ce wadda ke damun uwayenmu a nan: wa za a bar wa yaro? Makarantun nazare masu kyau suna nan, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Saboda haka sai uwa ta miƙa ɗanta ga wata maƙwabciya wadda ke tara yara a ɗaki guda, ko kuwa ta hana babbar 'yarta zuwa makaranta domin ta yi reno.

Wata 'yar ƙasar Kanada mai suna Sabrina Habib ta taɓa shiga irin wannan ɗaki a Mlolongo, kusa da Nairobi. Saboda duhu, saura kaɗan ta taka jariri da ke kwance a ƙasa. Abin da ta gani ya tsaya mata a rai, har a shekarar 2014 ita da Afzal Habib suka kafa Kidogo, kalmar da ke nufin "ƙarami" a harshen Suwahili.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne hanyar da suka bi. Sun fara da buɗe gidan reno nasu a Kibera, amma suka gane cewa gini ɗaya ko biyu ba za su ishi yaran unguwa ba. Sai suka juya ga matan nan da tun asali suke riƙe da yaran. Maimakon su ƙwace masu sana'a, suka koya masu tsabta, da ciyarwa, da koyar da yaro ta hanyar wasa da waƙa, da kuma rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ana taimaka wa mace ta gyara ɗakinta, a ba ta kayan wasa, jami'ai kuma su riƙa zagayawa suna duba aiki. Idan ta cika ƙa'ida, sai ta yi aiki da sunan Kidogo, iyaye su san inda za su amince.

Ba kyauta ake yi ba. Iyaye suna biyan ɗan abin da ba zai karya su ba, kuma da shi mai gidan reno ke sayen abinci, ta biya haya, ta ci riba. Gaskiya ne kuɗin horarwa yana fitowa daga masu ba da agaji, amma cefanen yau da kullum daga unguwa yake fitowa. Mun sha ganin makarantun da aka buɗe da kiɗa da tafi, ranar da mai bayarwa ya gaji sai aka sa kwaɗo a ƙofa. Gidan da ke ciyar da kansa ba ya jiran wasiƙa daga ƙasar waje kafin ya dama kunu.

Masana sun nuna cewa kafin yaro ya kai shekara 5, ƙwaƙwalwarsa ta yi mafi yawan girmanta. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A nan Nijeriya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa har da kula da ƙananan yara kafin firamare, amma doka ba ta goyon yaro.

Masu karatu, mu duba unguwarmu. Akwai wata baba da uwaye ke bar wa yara kullum in za su kasuwa. Ba sabuwar makaranta take bukata ba tukuna. Tana bukatar taga a ɗakinta, da tabarma mai tsabta, da littafin lissafi, da wanda zai koya mata. Ƙungiyoyin mata da na unguwa, daga wurinta ya kamata a fara.