Lamba ta ci ko ba ta ci ba?

Makiyayi, kowace shekara gwamnati na aiko ma'aikatan kiwo su yi ma bisashe lamba. To, ƙaƙa za a san aikin ya yi amfani? Ƙidayar allurai kaɗai ba ta isa ba, don maganin da ya sha zafi bisa hanya ya lalace, ko an yi shi aikin banza ne.

Shi ya sa bayan lamba likitocin dabbobi ke zagayowa. Suna duba shaidar kunne, su ɗebi jini kaɗan ga wasu bisashe, su kai Yamai a auna. Jinin ne ke faɗin ko dabba ta samu kariya.

Tuna da bushiya. An soma babban gangamin lamba a 1962, cutar ta lafa, aka yi sake da bincike, sai ta dawo farkon shekarun 1980 ta karkashe shanu. Da aka haɗa lamba da awon jini, aka ga bayanta a duniya a 2011.

In sun zo, bari su ɗebi jinin, ba ya rage ƙarfin saniya. Faɗi gaskiyar yawan garkenka da waɗanda suka mutu. In an tsallake rugarku lokacin lamba, gaya masu.