Haƙƙin Bakwaini Da Ƙaramin Jariri A Kan Iyayensa

Jama'a Musulmi, sau da yawa in an haifi jariri ɗan ƙwarya-ƙwarya sai mu ji ana cewa wannan ba mai zama ba ne, a sake jiki da shi. Wannan magana ba ta da tushe a addini. Malamai sun gwama aya ta 233 ta Suratul Baƙara, wadda ta ƙayyade cikakkiyar shayarwa shekara 2, da aya ta 15 ta Suratul Ahƙaf, wadda ta haɗa ciki da yaye wata 30, suka fitar da cewa mafi ƙarancin ciki wata 6 ne. Ashe ke nan shari'a ta san da bakwaini tun da daɗewa, ta kuma ba shi haƙƙinsa cikakke.

A wajen likitoci, duk jaririn da bai kai kilo 2 da rabi ba ranar haihuwa ƙarami ne, ko watanninsa sun cika ko ba su cika ba. Abubuwa uku suka fi yi masa barazana, watau sanyi, da yunwa, da ƙwayoyin cuta. Nonon uwarsa da ɗumin jikinta kuwa suna tare masa duka ukun.

Mu fara da dakashi, ruwan nonon farko mai kauri da wasu ke tatsewa su zubar wai ƙazanta ne. A cikinsa Allah Ya zuba garkuwar da ke tsare hanjin jariri. Madarar gwangwani ba ta da ita, kuma bakwainin da aka ɗora a kanta ya fi shiga haɗarin wani mugun ciwo mai ruɓar da hanji. In bakinsa bai yi ƙarfin kama nono ba, sai uwa ta wanke hannu ta tatsa a kofi mai tsabta, ana ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowace awa 2 ko 3, dare da rana, ko da ta kama a tashe shi daga barci. Wanda bai iya haɗiya ba, asibiti ne wurinsa, inda za a ba shi nonon ta siririn bututu. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo ko zuma.

Game da sanyi, a shekarar 1978 wani likita a Bogota ta ƙasar Kolombiya, Edgar Rey, ya rasa isassun kwalaben renon jarirai, sai ya sa iyaye mata su riƙa ɗaure su a ƙirji, fata da fata. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara wannan goyon ƙirji nan take bayan haihuwa, aƙalla awa 8 kullum. Uba ma yana iya karɓar uwa ta huta.

To, ina ruwanmu mu maza, 'yan kasuwa da ma'aikata? Ayar Baƙara ɗin nan a kan uba ta ɗora ci da suturar mai shayarwa. Mutum ya sayi ƙaton rago da goro na suna alhali mai jego ba ta samun ƙwai da wake da nama, lalle ya juya al'amari. In azumi ya zo ta ji tsoro ga ɗanta, a mazhabar Malikiyya tana da izinin sha, ta rama daga baya, ta kuma ciyar. In kuwa nononta ya gaza, shari'a ta halatta neman mai shayarwa, kamar yadda Halimatus Sa'adiyya ta shayar da Manzon Allah (S.A.W.), amma a fara duba lafiyarta a asibiti, a kuma rubuta sunanta saboda haramcin aure.

Jaririn da ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi sanyi, ko numfashinsa ya sāke, a garzaya da shi asibiti ba jiran gari ya waye. Rai na Allah ne, amma mu za a tambaya a kan amana. Allah Ya raya mana zuriya, amin.