Bel ɗin taimin: kada ya yi sako-sako, kada ya ɗaure da yawa

Tsakanin Paraku da Jugu kilomita 130 ne da 'yan kai, amma wanda bel ɗin taimin ya tsinke masa a tsakiyar hanya, da kuɗin shanu a jiki, ga magariba ta kawo kai, shi ya san nisanta. Kafin a jawo motar, kara ta watse a Turu ko Kolokonde, wani ya saye shanun.

Wannan bel mai haƙora, wanda makanikan Benin ke kira courroie de distribution, shi ke haɗa kiranshaf da kamshaf, don bawul su buɗe su rufe a kan lokaci. A injin gas na Toyota 2L da 3L, irin na tsofaffin Hilux da Hiace, har famfon injekta shi ke juyawa. Mai Peugeot 504 ta fetur kuwa sarƙa gare shi, wannan magana ba tasa ba ce.

In bel ya yi sako-sako, sai ya tsallake haƙori, mota ta ƙi tashi da safe, ta rasa ƙarfi, tana hayaƙi. In ya ɗaure da yawa, za ka ji yana kuka kamar fito, ya cinye boris na fuli, shi ma ya mutu da wuri. In ko ya tsinke, fistin ya doki bawul, to sai sauke kan inji.

Ga yadda ake yi, kuma ka tsaya a kan bakanikenka ka gani da idonka. A bar inji ya huce. A daidaita alamomin da ke jikin fuli da na jikin inji. A Toyota, fulin da ke ɗaure bel yana da sifirin: a sassauta notinsa, a bar sifirin ya ja da kansa, kada a taimaka masa da ƙarfe. Sannan a juya kiranshaf da hannu zagaye 2 ta inda agogo ke bi, a sake duba alamomi, kana a ɗaure notin. A injin da ake ɗaurewa da hannu, tsohuwar dabara ita ce a murɗa bel da yatsu biyu a inda ya fi tsawo: ya juya kwata guda, ba fiye ba.

Toyota ta sa a canja shi duk kilomita 100,000, har akwai fitilar T-BELT mai tunatarwa. To amma mu da ke sayen tokumbo daga Kwatano, wa ya san gaskiyar mita? Ga ƙurar hunturu da zafin bazara. Ran da ka sayi mota, canja bel da fulinsa tare. In ka ga tsaga ko jiƙar baƙin mai, kada ka ce sai an dawo daga kara.

Kuɗin bel bai kai na maraƙi ba, amma gyaran inji na iya cinye sa sukutum. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a kasuwa.